Ranar da Mahama Ya Kira Sunan Damigu

A zangon Sokode, in ka tambayi gidan Mahama Jumma sai an yi ta kallon juna kafin a gane wanda kake nufi. Amma ka ce Mahama Zubar, ko mai kokon bakin titi za ta nuna maka ƙofar da ludayinta. Dattijo ne yanzu, dogo, siriri, mai tafiya a hankali kamar wanda ya sako ƙwai a aljihu. Ba ya shiga hira, ba ya tsawaita gaisuwa. Baƙo zai ɗauka girman kai ne. Waɗanda suka san shi kafin ya tafi Dapaong sun san ba haka yake ba, don a zamaninsa bakin Mahama ba ya hutawa sai in ya kabbara salla.

Ɗan mahauta ne, jikan mahauta. Kakanninsa fatake ne da suka sauke kaya a Sokode, suka ga gari ya karɓe su, suka jingine sandar tafiya suka ɗauki wuƙa. Shi kam Allah bai ba shi hannun fawa ba. Ko kallon jini ba ya iyawa, kuma 'yan uwansa ba su bar yi masa ba'a a kan wannan ba har ya yi gemu. Abu ɗaya ya gada wurin ubansa. Tsohon ba ya ɗora wuƙa a wuyan ragon wani sai ya ɗaga murya ya faɗi sunan mai ragon da sunan ubansa, kowa ya ji, don kada gobe a ce an yi musanyen nama. Mahama ya taso da wannan a kunne, ya ɗauka haka ake kowane aikin amana: ka ambaci mai abu a gaban jama'a, sannan ka taɓa abin.

Ya daɗe yana aikin aike a ofishin magajin gari, wanda kowa ke kira meri, kafin maganar giya ta taso. Lokacin ne aka kafa doka: kada a sayar kusa da makaranta ko masallaci ko coci, kada a jera benci a bakin titi ana sha, a kuma daina ƙulla sodabi a leda, barasar nan da 'yan babur ke tsotsa tun da hantsi. Wanda aka gargaɗa bai ji ba, a kwashe kayansa. Doka ba laifi, sai dai bakin mutane. Gari ya ɗauka cewa abin da aka kama da safe yana komawa kasuwa da yamma ta ƙofar baya. Gaskiya ne ko ƙarya, oho. Maganar dai ta dami shugaban sashensu, wanda suke kira shef, sai ya nemi mutumin da ko warin giya ba ya so, don ya damƙa masa zubarwa. Aka duba aka duba, ba a ga kamar Mahama ba.

Ya riƙe aikin kamar an naɗa shi sarauta. Duk abin da aka kama sai ya kai shi bakin babbar kwatar siminti da ke gefen titi, ya tara mutane, ya ɗaga jarka sama ya ce, "Wannan ta wane ce, ɗan wane. Ku shaida, ga ta nan ta tafi." Sai ya tuttular. Jama'a su bushe da dariya, 'yan babur su dafe ƙirji suna kukan ƙarya, wani lokaci har mai kayan ya dara, don ko ba komai ya gani da idonsa ba cikin wani ta shiga ba. Tsegumi ya mutu murus. Mahama ya samu suna, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya ɗan shiga kansa.

Da shef ɗin ya samu aiki a arewa, wajen Dapaong, ya aiko a kira masa Mahama, don can ma an fara irin wannan doka. Matarsa Bara'atu ba ta so ba.

"Baban Farida," ta ce, "duk giyar Sokode ba ta ishe ka ba, sai ka bi ta har Dapaong?"

Ya ce aikin Allah ne. Ta ce to, Allah ya sa, ta ɗaure kayanta. Suka sauka a zangon garin, cikin mutanen da suke jin bakinsu.

Dapaong ba Sokode ba ce. Can cakpalo, wato burukutun dawa na mutanen Moba, ba abin ɓoyewa ba ne. Mata ke dafa shi a manyan tukwane, da shi ake aure, da shi ake girbi, da shi ake binne mutum. Mahama ya ga duk wannan, amma mutum ne mai ido marar tambaya. A wurinsa giya giya ce, ƙasa kuma ƙasa ce.

Akwai wata bazawara mai suna Damigu da mijinta ya rasu, mace mai jiki da murya, wadda rumfarta ba ta rabuwa da mutane ranar kasuwa. Tana dafa cakpalo a wurin tun kafin a haifi rabin masu shansa. Daga baya aka gina makaranta, katangar ta zo daf da bencinta. Aka aika mata ta tashi. Ta ce rumfarta ta girmi makarantar, kuma gaskiya ta faɗa, sai dai doka ba ta tambayar wa ya riga wa. Aka sake aikawa, ta yi kunnen ƙashi. Ranar wata kasuwa, cikin bazara, aka tura Mahama tare da Duti, wani magidanci ɗan Moba da ke tuƙa babur ɗin meri mai ƙafa uku, suka ɗauko randa guda cike.

Nan matsala ta fara, daga abu ƙarami. Babu kwatar siminti a wajen. Mahama ya waiwaya, ya hango wata tsohuwar ɗorawa a bayan kasuwa, gindinta fes, ba ciyawa ba shara, ya ce a kai can. Randar ta fi ƙarfin a karkata ta, sai ya ɗauki ƙoƙon Damigu don ya riƙa ɗiba. Ga shi da alwala, ga farar riga, azahar ta kusa, ba ya son ko ɗigo ya fallatsar masa. Saboda haka ya tsuguna. Reshe ya taɓa hularsa, ya cire ta ya ɗora a gwiwa. Ya tambayi Duti sunan uban matar, Duti ya faɗa masa bai san abin da za a yi da shi ba. Mutane sun taru, ita ma Damigu ta biyo randarta tana zagi da yarensu.

Mahama ya kai ƙoƙon daf da ƙasa, ya karkata shi a hankali, ya ɗaga murya ya ce, "Damigu 'yar Lare, ga naki."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ɗauka ba su ji ba ne, ya sake ɗiba ya maimaita, da ƙarfi.

Sai a lokacin ya lura zagin ya tsaya. Hayaniyar kasuwa na nan, amma ta koma kamar daga wani gari take zuwa. Ya dubi ƙasa. Ya saba in ya zubar da giya ta yi kumfa, ta malala, ta nemi ƙafarsa. Wannan ba ta malala ba. Inda ta sauka nan take shigewa, ba kumfa ba kwance, kamar an daɗe ana jira. Wata mata ta juyar da fuskar 'yarta. Maza suka fara janyewa ɗaya-ɗaya, ba mai kallon ɗan uwansa. Duti ya sauko daga babur ya tsaya da baki buɗe.

Damigu ba ta yi kuka ba. Ta dubi wurin da ya jiƙe, ta dubi tafin hannunta, ta juya ta nufi gida. Mutane suka dare mata hanya fiye da yadda jikinta ke bukata.

A hanyar komawa Duti ya kashe babur a inuwa. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk shi ne.

"Baba Mahama, ka kashe matan nan."

"Kai, rufa mini asiri. Ko taɓa ta na yi?"

"Mu nan, in mutum ya tsuguna, kai ba hula, ya zuba cakpalo da ƙoƙo a ƙasa, ya kira suna da sunan uba, wanda ya mutu ake yi ma. Gindin itacen nan kuma wurin tsofaffin da suka mutu ne, shi ya sa ake share shi. Ka kira shi, ka ba shi rabonshi a gaban kowa. Ƙasa kuma ya karɓa, ni na gani."

Mahama ya ce camfi ne. Ya faɗa da ƙarfi, ya kuma ji muryarsa ba ta cika bakinsa ba.

Damigu ta bi doka. Ta tayar da rumfarta ta koma wurin da aka yarda, nesa da makaranta, ta wanke tukwane ta dafa sabon cakpalo. Ba wanda ya zo. Ba gaba ake yi da ita ba, da gaba ce ai da sauƙi, don mai gaba yakan harare ka. Ita ba a ko hararar ta. Wanda ya sha a bencinta shekara da shekaru sai ya wuce ta gabanta idonsa na kan hanya. In ta je sayen gishiri, mai gishiri ta auna ta ajiye a ƙasa, ta jira sai ta tafi sannan ta ɗauki kuɗin. A gida matar ɗanta ta daina miƙa mata tuwo a hannu, sai ta ajiye a bakin ƙofa ta ja da baya. Kowa yana tausayinta, kowa kuma yana tsoro, don wa zai sha daga hannun wanda aka riga aka kira? Cakpalon ya yi tsami a randa ta zubar, ta sake dafawa, ya sake tsami.

Mahama yana jin labarin duka daga bakin Duti. Wata rana ya zagaya ta bayan kasuwa da sunan yanke hanya. Rana na ƙuna, ƙasa ko'ina ta tsage, amma gindin ɗorawar nan, daidai inda ya tsuguna, da danshi, faɗin faifai. Ya ce wa kansa bututun ruwa ne ya fashe a ƙasa. Ya san babu famfo a unguwar.

Ya je wurin Malam Wahabu, limamin masallacinsu na zango, ya kwashe komai ya faɗa. Malam ya ce rai da mutuwa a hannun Allah suke, ba a bakin Mahama ba, amma tunda ya jawo wa baiwar Allah cuta, ya je ya nemi gafararta. Ya je. Ya tarar da ita zaune ita kaɗai a rumfa, benci dogo ba kowa.

"Mma Damigu, ina kwana. Na zo ba da haƙuri ne. Wallahi ban sani ba."

Ba ta amsa ba. Ba ta kau da kai ba kuma. Ta dube shi kamar yadda ake duban ruwan sama daga cikin ɗaki.

Duti ne ya je ya tambayo dattawan gidansu ko akwai mafita, ya dawo da amsa. Akwai, kuma ɗaya ce. Wanda ya kira ta can shi zai dawo da ita. Ya zauna a bencinta da rana tsaka, mutane na gani, ya karɓi ƙoƙo daga hannunta ya sha. Ba sai ya shanye ba, kurɓi ɗaya ya isa. In aka ga mai kiran da kansa ya sha daga hannunta bai ji komai ba, an san tana cikin masu rai.

Mahama ya ce ko za a karɓi akuya. Ba a karɓa. Ko wani ya sha a madadinsa. Ba ya yiwuwa. Ko ya sha cakpalon tun yana ɗanye, kafin ya tashi ya zama giya. Duti ya girgiza kai ya ce abin da aka zuba shi za a sha.

Mutumin da bai taɓa sanin ɗanɗanon giya ba, mutumin da aka ɗauko tun daga Sokode saboda wannan tsarkin nasa, shi aka ce ya kai ƙoƙo baki a tsakiyar kasuwa. Ya ce ba zai iya ba, kuma ban ga laifinsa a ranar ba. Sai ya nemi abin da zai iya. Ya roƙi shef ya sauke masa aikin zubarwa ya mayar da shi aike. Kowace safiya kuma, kafin ya wuce meri, sai ya biya rumfar Damigu ya zauna a ƙarshen benci ya gaishe ta, don a ce dai akwai mai gaishe ta a duniya. 'Yan zango suka fara gulma, wai Mahama Zubar ya zubar har ya gaji, yanzu ya koma zaman bencin cakpalo. Ya ji, ya haɗiye.

Ita kuwa ta san mafitar, don an gaya mata. Ba ta taɓa roƙonsa ba. Abin da take yi kawai, duk ranar da ta dafa, sai ta cika ƙoƙo ɗaya ta ajiye tsakaninsu a kan benci ta rufe da faifai. Ya gaishe ta, ta yi shiru, su zauna su uku, shi da ita da ƙoƙon. In ya tashi ta ɗauke.

Damina ta zo ta wuce. Jikin nan nata ya fara zubewa, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya ya koma tana naɗa shi. Ɗanta ya kai ta asibiti aka duba ba a ga ciwo ba. Wata safiya Mahama ya tarar tana magana ƙasa-ƙasa da yarensu, fuskarta a sake, tana kallon gefen bencin da ba kowa. Har ɗan murmushi ta yi, irin na wadda aka tsokana. Da ya yi sallama ta yi shiru, fuskar ta rufe. Ranar bai iya cin abincin rana ba.

Bara'atu ce ta fara gajiya da shirun.

"Baban Farida, ni ba malama ba ce. Amma Allah mai gafara ne, wannan na sani. Matar nan kuwa ƙarewa take. In ka sha ka tuba, akwai mai karɓar tubarka. In ta tafi, wa za ka je ka roƙa?"

Ya ce ya ji. Ya ce bari azumi ya wuce, ba zai yi da baki mai azumi ba. Azumi ya wuce, ya ce bari a yi layya. Aka yi layya, 'yarsu Farida ta haihu a Sokode, ya ce bari ya je suna ya dawo. Kullum da dalili, kuma kowane dalili mai kyau ne in ka ɗauke shi shi kaɗai. A zuciyarsa ya san tsoro ne kawai: tsoron Allah kaɗan, tsoron bakin zango da yawa. Wannan ne ya fi ci masa rai.

Da ya dawo daga suna ya same ta ba ta iya ɗaga tukunya, matar ɗanta ce ke hura mata wuta ta gudu. A ranar ya yanke. Ya ce wa Duti ya sanar da mutane, ranar kasuwa mai zuwa, da rana tsaka.

Aka taru, nesa-nesa, kamar masu kallon gobara. Har 'yan zango sun zo, sun tsaya a inuwar wani shago suna yin kamar cefane ya kawo su. Mahama ya zauna a benci. Ya ce, "Mma Damigu, miƙo mini." Ta buɗe faifai, ta ɗauki ƙoƙon da hannu biyu ta miƙa masa. Warin ya daki hancinsa, idonsa ya kawo ruwa. Ya nemi gafarar Ubangiji a zuci, ya ɗaga ƙoƙon, har gefensa ya taɓa leɓensa.

Sai ta ɗora tafin hannunta a kai ta rufe.

Yatsunta sun taɓa nasa. Rana na tsakiyar ka, kwanon rumfa na ƙuna, amma hannun nan sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

"Malam, ajiye," ta ce. Wannan ce maganar farko da ta taɓa yi masa. Muryar ba fushi a cikinta ko kaɗan. "Ka daɗe."

"Mma, bari in sha. Na yarda. Ga mutane sun zo."

"Mutanen can ma sun zo. Su ne suna gaishe ni kullum, tun ranan da ka kira. Mijina ya share ɗaki, uwana ya ajiye mini wuri. In ka dawo da ni yanzu, za su ce na raina su." Ta dubi jama'ar da ke tsaye, ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. "Nan kuma na manta yadda ake zama."

Ta zare ƙoƙon daga hannunsa a hankali, ta mayar kan benci, ta rufe da faifai. Ya roƙe ta, har ya durƙusa a gaban mutane, farar rigarsa a ƙasa.

Kafin wata kasuwar ta zagayo Damigu ta rasu, da hantsi, a zaune a bakin ƙofarta.

Duti ya zo zango ya ce dangi sun ce lallai Mahama ya zo wurin binnewa. Bara'atu ta ji tsoro ta ce kada ya je, ya ce ko dukansa za su yi ai ya cancanta. Ya je ya tsaya a baya. Ba wanda ya harare shi. Aka ma kawo masa kujera.

Da aka gama abin da ake yi, babban dattijon gidan ya fito da ƙoƙo cike da cakpalo. Ya cire hularsa, ya tsuguna, ya kai ƙoƙon daf da ƙasa. Kowa ya yi tsit ana jiran ya kira sunanta. Dattijon ya daɗe a tsugune yana kallon ƙasa kamar mai sauraro. Sannan ya miƙe da ƙoƙonsa cike, bai zubar da ko ɗigo ba. Ya ratso mutane har gaban Mahama, ya yi magana da yarensu, a natse, ya ɗan rusuna.

Mahama ya juya ga Duti.

"Ya ce ba sai an yi ba, ba a kiran mutum sau biyu. Ya ce naka ya isa, ka yi shi daidai, ba kuskure ko ɗaya, ko su ba za su yi fiye da haka ba." Ya sunkuyar da kai. "Ya ce an gode maka."

Dattijon yana tsaye yana jiran amsa, dangi duka suna jira. Mahama ya buɗe baki yana neman abin da zai ce, kalmar haƙuri, ko salati, ko kuka ma. Sai ya ji bakinsa, bakin ɗan zango da aka koya wa ladabi tun yana ƙarami, ya amsa da kansa.

"Ba komai," ya ce.